Wa Ya Ɗauke Jan Wuya?

Kwaɗon yana nan a kulle, ƙofar kwantenar ba ta da ko ƙwarzane, amma Jan Wuya ya yi ɓatan dabo.

Jan Wuya jirgi ne, ba mutum ba. Ƙaramin jirgin sama na katako mara nauyi, irin wanda ake tuƙawa da rimot daga ƙasa, fukafukansa sun kai tsawon hannuwan mutum a buɗe. Baba Direba ya yi damina biyu yana haɗa shi a kan teburin cin abincin gidansa, kuma ranar Asabar ne zai fara tashi. Ga shi ranar Alhamis da safe, wurinsa a kan kanta fayau.

Mu huɗu ne a ƙungiyar, tsofaffi masu wasan yara, in ji matanmu. Muna da fili a bayan wata masana'anta da ta daina aiki, da kwantena guda da muke ajiye jirage, kowa da makullinsa. Akwai Baba Direba, da Tela, da Mai Walda, sai ni mai aski, wanda jirginsa ya fi zama a teburin gyara fiye da sama. Ban damu ba. Ni ƙamshin man zurma da ke fita daga salansa da hirar bayan la'asar suka kawo ni, kuma suna isa ta.

Baba Direba bai yi ihu ba. Ya juya a hankali ya dubi Tela, amininsa na sama da shekara talatin.

A ƙungiyarmu akwai abin da ba a yi. Kafin jirgi ya tashi, ana ɗora shi a kan yatsu biyu, ɗaya ƙarƙashin kowane fiffike, a ga ko hancin zai ɗan sunkuya. In wutsiya ce ta rinjaya, jirgin zai tashi yana tangaɗi, kuma a tsintsiya za a kwaso shi. To amma ba ka ɗaga jirgin wani a kan yatsunka sai shi ya ce maka ɗaga. Kamar ka buɗe tukunyar matar wani ne ka ɗanɗana. Ranar Talata Tela ya yi wannan ɗanyen aikin a gabanmu. Ya ce gam ya yi yawa a wutsiya, Baba Direba ya ce masa ya koma kan wandunansa, Tela kuma ya ce da yana da iko da ya ɓoye jirgin nan kafin Asabar.

"Ka faɗa, ka kuma cika," in ji Baba Direba.

Tela ya zaro makullinsa ya ajiye a kan teburin aiki.

"Yaya, in har zuwa Asabar ba a wanke ni ba, ba za ka ƙara ganin ƙafata a filin nan ba."

"Ajiye shi da kyau, kada ya faɗi."

Raina ya ɓaci ƙwarai. Tela matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun yi nisa, filin nan shi ne gidansa na biyu, in ma ba na farko ba. Na ce kada kowa ya ƙara taka ko'ina, zan je in kira Kawu.

*

Kawu ba kawun kowa ba ne a cikinmu, amma haka duk muke kiransa. A ƙuruciyarsa bin sawun dabbobin da aka sace yake yi. Yanzu da gwiwa ta gaji, shi ke nemo mana jirage in sun faɗa daji. Bai taɓa riƙe rimot ba, ya ce shi abin da ke ƙasa ya ishe shi karatu.

An yi yayyafi da asuba, ƙasa ta yi laushi. Ya tsaya nesa da ƙofar, hannu a baya, ya daɗe yana kallo har na fara ƙaiƙayin baki.

"Kawu, ka ga wani abu?"

"Na ga mutum huɗu sun tattake mini aiki. Ga naka nan, kai ko tsayuwa ba ka iya yi wuri ɗaya."

Ya shiga kwantenar. Rimot ɗin Baba Direba yana rataye a ƙusarsa. Injina biyu sababbi na Mai Walda suna cikin kwalinsu. Ya shafa kantar da Jan Wuya yake zama, ya duba yatsansa, ya shinshina.

"Ɓarawon naku mai tsabta ne. Ya goge maiƙon kanta kafin ya tafi."

Daga nan ya zagaya gefe ya nuna mini layin tayar babur, mai faci a tsakiya. Ban bari ya gama ba na ce ta Mai Walda ce. Kuma kowa ya san Mai Walda ba ya son a ce akwai jirgin da ya fi nasa gudu.

*

Mun same shi a shagonsa ya ɗaure wani ƙaramin inji a jikin benci yana gwadawa, farfela na ta zuwwa. Ya matse tiyon mai da yatsa, injin ya ɗan ɗaga murya ya mutu.

"Na je," in ji shi, ba ko gardama. "Jiya da yamma. Na ɗauko wannan ne in ɗan lallashe shi a ɓoye, don kada tsohon can ya ba ni kunya ranar Asabar. Kuma na bar Jan Wuya a wurinsa, har na gaishe shi."

"Ka ɗaga shi?" in ji Kawu.

"Ni? Da me zan ji, da bakin Baba Direba? Amma Kawu, tsakani da Allah, Tela bai yi ƙarya ba. Ko da ido ka san gindin nan ya yi nauyi."

Da muka fito na ce mutumin nan ya amsa da sauri da yawa, alamar ya shirya. Kawu ya ce ɗigon yayyafi ya sauka a kan sawun tayar, ke nan babur ya zo ya tafi kafin ruwa. Ƙarƙashin bakin ƙofa kuwa akwai laka ɗanya da aka shiga da ita bayan ruwa.

"Da ka gaya mini tun a can, ai da ba mu sha tafiya ba."

"Da ka yi shiru a can, ai da na gaya maka."

*

Tela yana kan kekensa amma ba ɗinki yake ba. Da ya gan mu ya yi saurin jefa wani abu cikin aljihun tebur. Ni na gani, Kawu ma ya gani.

"Fito da shi, ɗan'uwa," in ji Kawu a hankali.

Ɗan curin dalma ne, an narka shi an zuba, gefe ɗaya a lanƙwashe. Ko makaho ya shafa ya san an yi shi ne don ya zauna daidai cikin hancin jirgi.

"Na Jan Wuya ne," in ji Tela. "Ni na rufe masa jiki da yadi, na san cikin hancin nan kamar aljihuna. Da safen nan na narka, na ce in Yaya ya huce in ba shi. Sai na je na tarar ni ɓarawo ne."

Kawu ya auna dalmar a tafin hannunsa, ya dubi ƙafafun Tela a kan fedar keke, manya-manya kamar faranti. Ya mayar masa.

"Sa a aljihu. Ka zo fili gobe da la'asar."

A hanya na yi shiru, abin da ba a saba gani ba. Ina son Tela, amma dalmar nan ta tsaya mini a rai. Don me mutum zai yi wa jirgi gyara in ba yana hannunsa ba?

*

Muka koma filin da rana ta ɗan karkata, lokacin da inuwa ke fito da sawu. Kawu ya bar bakin ƙofar da muka ɓata, ya yi faɗin zagaye ta bayan kwantena, har ya tsaya a wata 'yar hanya da ta ratsa ciyawa zuwa unguwa. Ya kira ni da yatsa.

Sawun takalmin roba ne, babba, dunduniyar hagu ta cinye ta gefe guda, irin cin da kulocin babbar mota ke koya wa ƙafa. Na san takalmin. Duk wanda ya taɓa zuwa gidan Baba Direba ya gan shi a bakin ƙofa.

"Shi ke nan," na ce. "Tsohon ya tsorata. Ya san jirgin ba zai tashi ba, ya ɓoye abinsa, ya ɗora wa bawan Allah. Wallahi yau sai na gaya masa abin da bai taɓa ji ba."

"Tsuguna," in ji Kawu.

Na tsuguna, gwiwoyina suna ƙara.

"Ina nauyin ya sauka?"

Na duba. Gaban takalmin ya nutse sosai, dunduniyar kuwa da ƙyar ta taɓa ƙasa, sai ɗan jan da take yi a baya kowane taku. Takun ma gajere ne.

"Ƙafar ba ta cika takalmin ba," in ji shi. "Yanzu gaya mini, yaya kuke ɗaukar jirgi?"

"A hammata. Hanci gaba."

"Kuma salansa na ɗigar muku da mai a gefe, shi ya sa nake gane hanyarku ko bayan kwana biyu. Nemo mini ɗigo ɗaya a nan."

Babu. Muka bi sawun har ƙarƙashin wata bishiya mai reshe ƙasa-ƙasa. A nan takun ya tsaya, ya nutse, kamar an rusuna. Kawu ya ɗaga sandarsa ya nuna jikin reshen, sama da kaina. Ɗan jan fenti ne ya gogu a wurin.

"A ka aka ɗauke shi," na ce.

Kawu ya gyara hularsa muka nufi unguwa.

*

Baba Direba yana zaune a tsakar gida ya ba ƙofa baya, ya zura wa teburin da babu komai a kai ido. Kawu ya yi sallama daga bayansa da muryar da aka saba. Shiru. Ya ƙara. Shiru. Sai da matarsa, wadda duk muke kira Inna, ta fito daga kicin ta taɓa masa kafaɗa, sannan ya yi firgigit ya ce ai tunani ne ya yi masa yawa.

Takalmin robar yana bakin ƙofa, an wanke shi tas, har bai gama bushewa ba. Makullin kwantena yana rataye a ƙusa kusa da madubi.

Kawu ya zauna yana yi wa maigidan tambayoyi marasa kan gado, yaushe ya kwanta, yaushe ya tashi, ni kuwa ina shan ruwan sanyin da Inna ta kawo. Shagon Mai Walda ba shi da nisa, kuma ya sake tayar da injin nan nasa. Ƙarar na shigowa ta kan katanga, tana ƙara siririncewa, tana hawa, har ta koma kamar kukan sauro. A jikin kowane inji akwai wani ɗan siririn sukurun da muke kira allura, shi ke ƙayyade man da zai sha. In ka matse ta da yawa, inji zai yi daɗin ji na ɗan lokaci, sannan ya yi zafi ya mutu a sama.

Inna tana tsane kofuna ta ja tsaki, ba tare da ta ɗago ba.

"Wannan kuma ya buɗe masa allura mana. Ƙishi yake ji."

Ba a rufe baki ba injin ya yi tari ya ɗauke. Baba Direba ya ci gaba da bayanin lokacin da ya tashi, bai ji injin ba, bai ji ta ba.

Kawu ya miƙe da kofinsa ya kai mata har bakin kicin, abin da baƙo ba ya yi. Na ji abin da ya ce don kunnen mai aski ba ya hutu.

"Inna, gobe da la'asar za mu taru a fili. Akwai mutumin da ya ajiye makullinsa saboda laifin da bai yi ba."

Kofin ya kusa suɓuce mata.

"Wa?"

"Tela."

Ta dafa bango. Ashe maigidan bai gaya mata ba.

*

Washegari muka hallara a bakin kwantena. Baba Direba a kan kujerarsa ya haɗe rai. Tela a tsaye nesa kaɗan, kamar baƙo. Mai Walda yana goge hannun da ba shi da datti. Makullin yana nan inda aka ajiye shi.

Kawu ya bi mu ɗaya bayan ɗaya. Ya ce Mai Walda ya zo kafin ruwa, ya fita daga zargi. Ya ce ƙafar Tela ko da man shafawa ba za ta shiga takalmin da ya bar sawu ba, ya fita. Ya ce ni kuwa da ni na sata da tuni na ba da labari a shago. Aka yi 'yar dariya, ban da mutum biyu.

"To wa ya rage?" in ji Baba Direba. "Ni?"

"Takalminka dai ya zo. Ƙafar ce ba taka ba."

Ya nuna 'yar hanyar ciyawa da sandarsa. Inna ce tafe, da gammo, Jan Wuya a kanta an lulluɓe shi da zanen gado, fukafukan sun fito dama da hagu. Da ta zo bishiyar ta rusuna a hankali ta wuce. Ta sauke shi a kan teburin aiki ta yaye zanen. Ko ƙura babu a jikinsa.

"A saman sif ɗina ya kwana," ta ce. Ta juya wajen Tela. "Ka yafe mini, ƙanena. Ban san kanka zai faɗa ba."

Baba Direba ya tashi tsaye.

"Ke? Da me na rage ki?"

Ta matsa daf da shi ta ɗaga murya, yadda ba ta taɓa yi a gaban mutane ba.

"Malam, tun kafin 'ya'yanmu su yi wayo nake jin injinanka a tsakar gida. Na san kukan mai ƙoshi, na san kukan mai ƙishi. Wannan da ka kawo gida ka gwada ranar Laraba, irin kukan da jirginka na bara ya yi ne kafin ya faɗi. Kana tsaye kana murmushi. Na gaya maka har sau biyu, ka ce mini a'a, ba ka jin yunwa. Da na baran ya faɗi, sai da ka yi wata ba ka gama kwanon abinci ba. Ban iya gyara ba, ɓoyewa na iya."

Mai Walda ya juya baya yana duba tayar babur ɗinsa. Ni ma na sami abin kallo a ƙasa.

"Kunnena lafiya lau," in ji Baba Direba. "Kawo batir."

Ya zuba mai, ya tayar da injin da kansa, ya murɗa allura har inda ya ga ya yi masa. Ƙarar ta hau ta siririnta, duk muka yamutsa fuska. Ya ɗaga hancin jirgin sama kamar yadda ake yi a gwajin ƙarshe. Injin ya yi shaƙuwa biyu ya mutu a hannunsa.

Ya daɗe yana kallon farfelar da ta tsaya.

"Ni ban ji ya canza ba," ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa. "Tun yaushe?"

"Tun kafin na bara," in ji Inna.

Tausayinsa ya kama ni. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana gane ciwon mota daga kukanta. Ya ajiye jirgin, ya dubi makullin da ke kan tebur, ya dubi Tela. Na zaci doguwar ban-haƙuri za a yi, har na gyara tsayuwa don in ji da kyau.

"Tela," ya ce. "Ɗaga shi."

Tela ya matso. Ya sa yatsu biyu ƙarƙashin fukafukan ya ɗaga, wutsiyar ta yi ƙasa kamar an ja ta. Ya ajiye, ya sa hannu a aljihu, ya zaro curin dalmar, ya buɗe hancin ya zura. Ta zauna daram. Ya sake ɗagawa. Jan Wuya ya yi lilo kaɗan, ya tsaya, hancinsa ya ɗan sunkuya.

Baba Direba ya ɗauki makullin ya jefa wa Tela a aljihun gaban riga da hannunsa.

*

Ranar Asabar gari ya yi kyau, iska kaɗan, daga gaba. An ƙara kujera ɗaya a bakin kwantena, amma mai ita ba ta zauna ba. Baba Direba ya durƙusa gaban jirgin, yatsunsa a kan allura, Inna ta tsaya a bayansa da hannunta a kafaɗarsa. Sun shirya abinsu a gida: in ta matsa sau ɗaya ya buɗe, in sau biyu ya rufe. Ta matsa, ya buɗe. Ta ƙara, ya ƙara. Ƙarar ta yi kauri, siririn hayaƙi ya fito, ta ɗauke hannunta.

Jan Wuya ya ruga a kan ciyawa ya ɗaga, sumul, ba tangaɗi. Ya yi kwana a kan masana'antar, rana ta haska jan wuyan nasa. Mai Walda ya ce gudun ba wani gudu ba ne, muka yi masa ca. Kawu ya miƙe ƙafa a inuwa ya ce yau dai ba shi da aiki.

Baba Direba bai ɗauke ido daga sama ba. Ya ɗan karkato kai gefe, ya yi tambaya da ƙarfi, irin na wanda ba ya jin muryar kansa.

"Me yake cewa?"

Inna ta saurara, ta kai bakinta kusa da kunnensa.

"Ya ƙoshi, Malam. Tuƙa abinka."